Zobban da Suka Koyi Barci

Sai ta hura wa gilashin numfashi sau biyu kafin ta goge shi. Haka take yi kowace safiya, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ta yaye ƙyallen da ke lulluɓe da madubin duba jini, ta ninke shi gida huɗu, ta sunkuya ta ce "haa" a kan idon na'urar, sannan ta bi shi da 'yar takarda mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Ba ta amsa gaisuwar kowa sai ta gama. Masu shara sun san da haka, har sukan ɗaga bokitinsu sama idan sun zo wucewa ta ƙofarta, don kada ya yi ƙara.

Gwaggo ake ce mata a asibitin. Babu wanda take gwaggonsa a can, amma sunan ya manne mata tun kafin furfura ta fito. Likitoci sun zo sun tafi, kowanne ya tarar da sunan ya bar shi. Ɗakinta ne na ƙarshe a baranda, bayan ɗakin allura. Taku huɗu ne tsawonsa, uku faɗinsa. Akwai teburin siminti, da famfo mai ɗiga, da taga ɗaya da aka shafe da farin fenti, saboda haka hasken ɗakin kullum kamar na ƙarƙashin ruwa yake. Warin wurin na shuɗin rini ne, wanda take jiƙa busasshen jini a ciki. Rinin ya shige bakin faratanta har ya zama nasu.

Da wankin gilasai ta fara, tana matashiya. Tsohon da ke kan kujerar a lokacin, wani mai tari wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya kama ta wata rana tana leƙen madubin a sace. Bai yi faɗa ba.

"Tunda kin leƙa," in ji shi, "sai ki faɗa mini abin da kika gani."

"Zobe na gani, Baba. Shuɗi, siriri, da ɗigon ja a gefe."

"To shi ne. Daga yau ba za ki daina ganinsa ba."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ke fitowa ke nan idan aka ɗiga jinin mai zazzaɓin cizon sauro a fallen gilashi, aka busar, aka rina. Fili mai launin sararin asuba, da zobba warwatse a cikinsa, kowanne ya shige ƙwayar jini guda ya zauna kamar ɗan haya, yana cin ɗakin daga ciki. Tsohon ya nuna mata cewa a cikin jan jinin da abin yake ci akwai wani ƙarfe-ƙarfe mai guba, wanda zai kashe shi in ya bar shi a sake. Don haka sai ya dunƙule gubar ta zama 'yan baƙaƙen tsakuwoyi, ya tara su gefe guda.

"Kin ga baƙin nan? Shararsa ce. Mai tsafta ne, ɗan banza."

A zamanin, kulorokwin ne magani. Aikinsa shi ne ya hana abin dunƙule shararsa, sai ya mutu cikin gubar abincinsa. Ƙwaya ce fara mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi, amma tana aiki. Sai aka wayi gari ta fara rage aiki. Ba a rana ɗaya ba. A hankali, kamar yadda gishiri ke salancewa a bakin mara lafiya. An ce zobban sun samu hanyar tofar da maganin daga cikinsu kafin ya yi musu illa. Gwaggo ba ta ga tofarwar ba. Abin da ta gani shi ne iyaye mata suna dawowa bayan mako guda da yaron da aka ce ya warke, wuyansa ya saki, tafin hannunsa fari fat. Ta duba jinin, ta tarar da su zaune, sun ƙoshi, da 'yar shararsu a tare a gefe.

Daga shekarun nan ta ajiye gilasai arba'in da uku a wani akwatin katako, a ƙarƙashin tebur. Duk na waɗanda ba su tashi ba ne. Ba a ce ta ajiye ba, ba a kuma ce ta zubar ba. Wata sa'a, in aiki ya lafa da rana, takan zaro ɗaya ta ɗora. Masu jinin sun daɗe da zama ƙasa. Zobban kuwa suna nan, launinsu ya ɗan koɗe, ɗigon jan nan a buɗe kamar ido. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma tana ji a jikinta cewa idan mutum ya daɗe yana kallon abu ta rami ɗaya, abin ma yakan san da shi.

Daga baya aka kawo sabon magani. Sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma a kowace ƙwaya magani biyu ne a haɗe. Na farkon mai sauri ne. Da ƙarfen nan da zoben ke fitarwa yayin cin jini yake kamawa, kamar ashana ta taɓa kananzir, ya ƙone su dubu-dubu cikin sa'o'i kaɗan, sannan ya bar jiki. Na biyun mai nawa ne, yakan zauna kwanaki yana bin lungu-lungu yana kashe ragowar. Kusan shekara ashirin Gwaggo tana roƙon mutane su dawo rana ta uku ta sake tsaga musu yatsa, ko da ba a rubuta musu haka ba, kuma kusan shekara ashirin filin rana ta uku yana fitowa wayam. Har ta fara mancewa da akwatin.

Sai damina ta bana.

Mai facin taya ne na farko, wanda rumfarsa ke bakin layinsu. Ya dawo rana ta uku don kunyarta kawai, yana cewa ai ya warware. Ta duba fili goma, babu komai. A na goma sha ɗaya ta tsaya. Zobe ɗaya, ƙarami ƙwarai, siriri kamar gashin ido, babu ko ɗigon shara a gefensa. Bai yi kama da matacce ba. Bai kuma yi kama da mai ci ba. Kamar dai mutum ya ja mayafi ya rufe kansa ya yi lamo. Ta ci gaba, ta ƙirga goma sha bakwai irinsa.

Bayan sati biyu, matar mai burodi. Bayan ita, mai wanki. Su ukun duk layi ɗaya, kuma layin da take kwana ne.

Ta kai wa Likita takardun. Matashi ne, bai fi shekara biyu da zuwa ba, mai kirki, mai saurin magana, kullum da mutum sittin a bencin ƙofarsa.

"Gwaggo, ba su shanye maganin ba ne. Kin san mutanenmu, da jiki ya yi sanyi shi ke nan."

"Sun ce sun shanye."

"Sun ce." Ya yi 'yar dariya. "Ni ma na ce wa mahaifiyata ina cin abinci a kan lokaci. Ko kuma rinin ne ya tsufa. Dattin rini yakan yi kama da zobe."

"Ɗana, tun ba a yaye ka ba nake tace rini."

"Allah ya huci zuciyarki, ban ce ba ki iya ba." Ya juya biro a hannunsa. "Yaushe rabon da a duba miki ido?"

Ta tattara takardunta ta koma ɗakinta, ta zauna ta daɗe tana kallon farar tagar. Akwai wasu 'yan baƙaƙen zare da suka fara yawo a idonta na hagu tun bara. In ta kalli farin bango sai su bi kallon. Ta san da su, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar ta fara tambayar kanta ko zobban nan a gilashi suke, ko a cikin kanta.

Mijinta tela ne. Shagonsa a tsakiyar layin yake, ɗaki ɗaya da ƙofar ƙarfe, keken ɗinki biyu, ɗaya ba ya aiki amma ya ƙi a sayar. Mutum ne da ba ya zubar da komai. Ƙyalle in bai kai riga ba zai kai aljihu, in bai kai aljihu ba zai kai faci. Yakan kalli mutum sau ɗaya daga nesa ya faɗi faɗin kafaɗarsa, kuma in aka sa tef ba ya kuskure da fiye da yatsa. Duk layin suna son shi. Shekara talatin da huɗu suna tare, 'ya'yansu biyu sun yi nisa da aiki, sai waya. Yana kiranta Mai-madubi, tana kiransa Malam.

Ranar Litinin ya dawo gida kafin azahar, abin da ba ya yi, ya kwanta a tabarmar falo da takalminsa.

"Mai-madubi, yau dai baƙinki sun sauka a gidanki."

"Miƙo yatsa."

"Ke ba kya ce sannu ba tukuna? Sai tsaga?"

"Sannu. Miƙo yatsa."

Jinin ya fito cike da su. Ta karɓo magani da kanta daga ɗakin magani na asibiti, ta duba kwanan watan da ke bayan katin, ta duba hatimin. Safe da yamma ta zauna a gabansa da kofin madara, domin mai nawan nan ba ya shiga jiki sosai sai da ɗan maiƙo. Ta ɓare ƙwayoyin huɗu, ta zuba masa a tafi, ta tsaya har ya haɗiye, ta ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe.

"Sai ka ce ɗan fursuna," in ji shi. "Ai da biyu sun ishe ni, jikin nawa guda nawa yake?"

"Ba riga ba ce da za ka rage mata hannu. Haɗiye."

Ya kalle ta wani iri, kamar zai ce wani abu, sai ya haɗiye.

Rana ta biyu zazzaɓin ya sauka, har ya zauna ya tsinke mata wani ɗinki da ya ce an yi da ƙafa. Da safiyar Alhamis, bayan sha na shida, ta farka ta tarar da shi zaune a bakin gado, jikinsa kamar murhu. Hannayensa biyu a sama, yana buɗe su yana rufewa a hankali, yana auna wani mutum da ba ya wurin.

"Tsaya daidai mana," yake cewa iska. "Sha takwas. Juyo."

Farin idonsa ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ta kama yatsan da ke awon ta tsaga, bai ko motsa ba. Ta kira matar mai burodi ta zauna da shi, ta naɗe gilashin a takarda, ta fita. Ba ta tuna yadda ta isa asibiti ba. Ta dai tuna cewa minti goman da rini ke ɗauka kafin ya kama sun fi dukan shekarunta tsawo, kuma famfon yana ɗiga, tana ƙirgawa.

Ta ɗiga man madubi a kan gilashin, ta sauke ido. Ba sai ta nema ba. Suna nan a filin farko. Wasu ƙanana masu lamo, irin na mai faci. Wasu kuwa sun farka, sun yi kauri, sun fara tara baƙar shararsu. Ta rufe idon hagu ta duba da dama. Ta rufe dama ta duba da hagu. Zaren idonta ya yi yawonsa ya wuce, su ba su motsa ba.

Ta bi ta gaban mutum sittin ba ta ce wa kowa gafara ba, ta tura ƙofar Likita yana tsakiyar auna wata mata.

"Taso."

"Gwaggo, bari in..."

"Wannan da hannuna na ba shi. Sau shida ya sha, ƙwaya ashirin da huɗu, da madara, ina kallon maƙogwaronsa. Rinin na jiya ne, ni na haɗa. Idona ka ce ya tsufa, to ga naka sabo. Taso ka duba."

Ya taso. A ɗakinta sai da ya sunkuya sosai, domin kujerar ta lotsa da siffarta. Ya murza madubin, ya sake murzawa. Ta ga bayan wuyansa ya jiƙe.

"Jinin wane ne?"

"Na maigidana."

Ya ɗago, ya cire tabarau, ya mayar. "Na karanta labarinsu," ya ce a hankali, kamar kada su ji. "Ban zaci zan gani a nan ba. Maganin mai sauri ba ya kama su sai suna ci. To akwai waɗanda tun suna ƙanana suke rage ci, su lafe. Wutar ta zo ta wuce a kansu, sa'a biyu, uku, ta mutu. Sai su tashi. Daga nan aikin ya rage wa na biyun shi kaɗai, in sun yi masa yawa..."

"Barci suka koya ke nan."

"Kamar haka. Ki yafe mini, Gwaggo. A kawo shi yanzu."

Kafin la'asar an kwantar da Tela a gado na uku daga taga, an ɗaura masa ƙarin ruwa da kwinin a ciki, tsohon magani mai ɗaci wanda ya girmi kakan kowa a ɗakin. Likita ya ɗebi jini a kwalba biyu, ya ce za a aika babban ɗakin gwaji a tabbatar. Ya ce kwana biyun farko su ne abin ji. Ta ga irin wannan fuska a kan gado fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, ta san inda hanyar ke rabuwa biyu.

Washegari ya buɗe ido ya gane ta, amma kwinin ya toshe masa kunne.

"Wa ya bar keke yana gudu?" ya ce da ƙarfi. "Tun ɗazu nake jinsa. Je ki kashe."

"Maganin ne, Malam. Babu keke."

"Na bar taga a buɗe. In ruwa ya sauko zai jiƙa gwangwanin. Mutane na buƙata."

Ta ɗauka zafin zazzaɓi ne. Amma hadari ya haɗu da tsakar rana, sai ta zari makullin daga aljihun rigarsa ta tafi.

Rabonta da shiga shagon ya kai shekara. Ta tura ƙofar ƙarfen, ƙofar ta yi ƙara. A ciki riguna ne rataye a igiya daga bango zuwa bango, na manya da na yara, kowace da kafaɗar mai ita, da tumbinsa, da ɗan karkacewar bayansa, domin haka Tela yake ɗinki. Iskar hadarin ta shigo ta taga, sai suka ɗaga hannuwa gaba ɗaya suka sauke. Ta gane mai faci. Ta gane mai wanki. Duk layin ne tsaye a cikin duhu-duhun shagon, babu kai, babu ƙafa, suna jiran ta.

A kan kanta, ƙarƙashin tagar, gwangwanayen madara ne jere, na maɓallai, na allurai, na ƙugiyoyi. Na ƙarshen ya fi sauran girma, kuma murfinsa ya yi sheƙi don yawan taɓawa. Ta ɗaga shi ya yi kacau-kacau. Ta buɗe.

Katunan maganin zazzaɓi ne, guntu-guntu. An yanke su da almakashi a tsanake, an datse kusurwoyin don kada su soki hannu. Mai ƙwaya huɗu, mai takwas, mai biyu. Wasu sababbi, wasu rubutun bayansu ya goge, wasu na kamfanonin da ba ta taɓa gani ba. An ɗaure su kashi-kashi da zare, an saƙala wa kowane ɗauri ɗan ƙyalle da rubutun alli: manya, matsakaita, yara. Aiki ne mai kyau, mai tsafta. Aikin hannunsa ne.

Ta ji motsi a ƙofa. Matar mai burodi ce, da gyale a ka, ta ga gwangwanin a buɗe ta tsaya cak.

"Tun yaushe?" in ji Gwaggo.

"Wallahi, Yaya, ba da mugunta ba ne."

"Na ce tun yaushe?"

"Ya kai shekara bakwai. Kowa in ya sha ya ji sauƙi, sai ya kawo wa Baba Tela ragowar, kamar yadda ake bar masa ragowar yadi. In wani ya kwanta sai ya zo, Baba ya dube shi ya ce kai huɗu za su ishe ka, ke shida. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Kuma ana jin sauƙi, Yaya, ana ji. Sai in ya dawo ya ƙi tafiya muke zuwa wurinki."

"Duk layin nan kun sani?"

Matar ta sunkuyar da kai. "An dai ce kada ki ji."

Ruwa ya sauko. Gwaggo ta rufe tagar, ta rungumi gwangwanin a ƙirji, ta tsaya a tsakiyar rigunan. Shekara talatin da ɗaya tana kallon abokan gabarta ta rami ɗaya, tana zaton tsakaninta da su akwai gilashi. Ashe taku arba'in daga gadonta ake ba su magani kaɗan-kaɗan, daidai abin da zai kashe raunanan ya bar masu tauri, kuma mutumin da ya fi kowa kirki a layin ne yake auna musu.

Ta kai wa Likita gwangwanin, ta ajiye a kan teburinsa.

"Wannan ne ya jawo?" in ji ta.

Ya juya ɗaurin da aka rubuta wa "yara" a hannunsa. "Ba zan iya ce miki e ba. Cikin miliyoyinsu, ɗaya yakan fito daban haka kawai, ba wanda ya yi shi. Wataƙila ma daga nesa ya zo, a jinin wani matafiyi. Amma in ya zo ya tarar ana share masa 'yan'uwansa ana barinsa, fili ya zama nasa. Sauro ya ɗauka ya kai gida na gaba."

"Ba ka ce e ba. Ba ka kuma ce a'a ba."

"Ban ce ba."

Kullum da safe takan tsaga yatsan mijinta, ta ƙirga. Ranar Asabar sun ragu da rabi, amma fitsarinsa ya yi duhu, kuma bai san ta ba sai sau ɗaya. Ta zauna a gefensa tana jiƙa masa goshi, maganar gwangwanin na cin ranta, babu wanda za ta yi wa faɗa. Ta gane cewa abin da take roƙo ke nan, ya tashi ko don ta samu ta yi masa faɗan. Ranar Lahadi ta ƙirga tara kacal. Ranar Litinin ta bi fili ɗari, ta ƙara ɗari, ta sake sabon gilashi daga wani yatsan ta ƙara ɗari biyu. Babu komai, sai sararin nan mai launin asuba. Ta kira Likita ya duba da idonsa, shi ma bai ga komai ba. Ya ce za a cire ruwan, a ƙarasa da ƙwayoyi na kwana bakwai, kuma a ci gaba da dubawa har wata guda. Ita ta san dalilin watan. Wanda ya iya lamo ba a shaidar tafiyarsa da kallo ɗaya.

Ta tarar da Tela a jingine da matashi, ya rame, kunnuwansa sun yi girma, yana ƙoƙarin tsinke zaren da ya zaro daga bakin zanen gado.

"Mai-madubi, wanda ya ɗinka zanen nan Allah ya shirye shi."

Ta ja kujera ta zauna. "Na je shago."

Hannunsa ya tsaya. Bai tambayi abin da ta gani ba.

"Zubarwa ake yi," in ji shi. "Magani mai kyau, a kwata. Ga mutum kwance yana karkarwa. Ni ban iya ganin abu mai amfani a shara ba, kin sani."

"Na sani."

"Ban taɓa ba wani abin da ya fi ƙarfin jikinsa ba. Ina dubawa."

"Jikin mutum kake aunawa, Malam. Su ba ka ganinsu. Ni ke ganinsu." Muryarta ba ta tashi ba, duk faɗan da ta tanada ya tsiyaye. "Saura kaɗan su tafi da kai, ina tsaye da madara a hannu."

Ya kalli tafin hannunsa, inda jini bai gama dawowa ba. Can ya ce, "Keken nan har yanzu ina jinsa kaɗan-kaɗan."

"Zai tsaya. Yanzu faɗa mini waɗanda ka ba tun farkon damina. Kada ka tsallake kowa."

Ya lumshe ido. Ba da suna yake riƙe mutane ba, da awo ne, don haka da awo suka fito. Mai kafaɗa sha tara, direban nan na gidan kwana. Mai dogon hannu, malamin makaranta. 'Yan biyun mai gyaran rediyo, tsawo ashirin da shida. Matar da ke son a saki ƙugu, mai ciki wata biyar. A nan ya buɗe ido, ya kalle ta.

"Ita nawa ka ba ta?"

"Huɗu."

"Yaushe?"

"Ana gobe zan kwanta."

Ta rubuta su a bayan wata takardar gwaji, mutum ashirin da ɗaya, ta ja layi a ƙarƙashin mai cikin. Ta gyara masa matashi, ta matso da kofin ruwa inda hannunsa zai kai. A aljihun farar rigarta akwai gilasai tsaftatattu da allurai na tsaga yatsa, ta shafa ta ji suna nan.

"Za su ce na tona su," in ji shi.

"Su faɗa."

"Ki fara da mai cikin."

"Da ita zan fara."

Ta miƙe, gwiwarta ta yi ƙara. Ta bi tsakanin gadaje, gilasan suna ɗan kaɗa juna a aljihunta, ta tura ƙofar ɗakin ta fita.